Faifan da Kawu Ya Sa Aka Ɗinke

Mahaifinmu, Allah Ya gafarta masa, falken shanu ne. Idan ya bi kaya zuwa Kurmi yakan yi watanni bai waiwayo Kurfi ba. Da yake ba ya son wani ya shiga tsakaninsa da iyalinsa da sunan rubuta wasiƙa ko karanta ta, sai ya bi hanyar da ’yan kasuwar zamaninsa da yawa suka bi: ya sayi kaset, ya zauna gaban rediyo, ya danna jan maɓalli, ya yi magana. Yakan fara da Fatiha da ’yan ayoyi, sannan ya bi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya da gaisuwa, har maƙwabta da surukai. Masu manyan motoci ne ke kawo mana saƙon. Ranar da kaset ya iso, tsakar gidanmu kan cika kamar ana suna.

Bayan rasuwarsa, kaset kaɗan ne suka rage a cikin kwallar mahaifiyarmu, Inna. Lokacin da na fara koyarwa a Dutsin-Ma na sayi kwamfutar tafi-da-gidanka, sai na ɗauko su na juye abin da ke ciki zuwa kwamfutar. Allah Ya sa na yi hakan a kan kari, domin ba a daɗe ba zaren kaset ɗin ya manne da juna, ko an sa a rediyo sai dai ya taune shi. Tun daga nan muryar Baba ba ta da wani mazauni sai kwamfutata. Kowace ƙaramar Sallah, idan an sauko daga Idi, nakan ɗauki kwamfutar in tafi Kurfi in kunna wa Inna. Atamfa da turare da nake kai mata takan sa albarka ta ajiye gefe. Wannan sauraron shi ne Sallarta.

Ya kamata in faɗi irin kwamfutar da nake riƙewa. Shekaru da dama ke nan da na cire babbar manhajar da ta zo da ita na ɗora Linux, wato tsarin da ba mallakin kamfani ɗaya ba ne, wanda mutane daga ƙasashe daban-daban ke ginawa, kowa kuma yana da damar buɗe cikinsa ya duba ya gyara. Nakan gaya wa abokan aikina cewa aƙida ce ta kai ni, wai ilimi bai kamata a sa masa kwaɗo ba. Mai ɗakina kuwa cewa take yi taurin kai ne kawai, da son in bambanta da mutane. Na shekara hamsin a duniya yanzu, kuma har yau ban iya rantsuwa cewa ita ce ba ta da gaskiya ba.

Abu guda dai da wannan tsari ya koya mini shi ne kwafin ajiya. Ina da faifan ajiya na waje guda biyu, kowanne ɗan baƙin akwati da bai kai tafin hannu ba. Ɗaya yana gida, nakan jona shi ranar Juma’a in kwafe duk abin da ke cikin kwamfutar. Ɗayan kuwa na cika shi na kai wa Kawu, ƙanin Inna, manomi a Rawayau, saboda na karanta cewa bai kamata mutum ya tara dukan kwafinsa a ƙarƙashin rufi ɗaya ba. Da na miƙa masa na ce, “Kawu, amana ce. Akwai muryar Baba a ciki, har da karatunsa.” Ya karɓa da hannu biyu, ya ce ba komai. Damina biyu ko uku suka wuce ban sake bi ta kansa ba.

A goman ƙarshe na wani azumi da ya faɗo cikin bazara, ranar Juma’a bayan an taso daga masallaci, na jona faifan gida kamar yadda na saba. Batirin kwamfutar ya tsufa, don haka ita ma tana jone da bango. Aka ɗauke wuta, can kuma aka dawo da ita da wani irin ƙarfi har fankar falo ta yi kuka. Na ji ɗan ƙauri. Fuskar kwamfutar ta yi baƙi. Washegari mai gyara ya duba ya ce ita kwamfutar za ta tashi idan an canza caja da wani ɗan abu a ciki, amma faifanta ya tafi, na wajen da ke jone da ita ma ya bi shi. Ya kara shi a kunnena. Maimakon ɗan gurnani mai laushi da lafiyayyen faifai ke yi, sai na ji ƙas, ƙas, ƙas.

Da na dawo gida mai ɗakina ta dube ni sau ɗaya ta ajiye ludayin da ke hannunta.

“Malam, wa ya rasu?”

Na gaya mata.

“Har da na Baba?”

“Har da shi. Sai dai wanda ke wurin Kawu.”

“To ai da sauran magana. Ka sha kunu tukuna idan an kira salla. Kada dai ka kira Inna da wannan muryar taka, kafin ka gama sallama za ta gane.”

Na sayi sabon faifai aka sa, na ɗora Linux daga filashin da nake ajiyewa a aljihun jakata. Komai ya tashi lafiya, amma da na duba kusurwar sama inda alamar wayales ke zama, babu ita. Kwamfutar ba ta ma san tana da na’urar kama intanet a cikinta ba. Dalili kuwa sananne ne ga duk mai amfani da wannan tsari. Kowace na’ura a cikin kwamfuta tana bukatar wata ’yar manhaja da ke koya wa babban tsarin yadda zai yi magana da ita, masu gyara suna ce mata direba. Wasu kamfanonin da ke ƙera na’urar wayales ba sa sakin bayanin kayansu, saboda haka ba a haɗo tasu manhajar a cikin filashin, sai mutum ya sauko da ita daga intanet. Ni kuma ba ni da hanyar shiga intanet sai ta wayales ɗin. Abin da ya ƙara ɗaure ni shi ne, kwafin da ke wurin Kawu ba a zube na yi shi ba. Da wata manhajar ajiya na dunƙule shi, kuma ba zai warware ba sai da ita, ita ma sai an sauko da ita.

Akwai mafita, na san ta: a haɗa waya da kwamfuta da kebul, kwamfutar ta ari intanet ɗin wayar. Na ɗauko kebul ɗina na jona. Wayar ta fara caji, kwamfutar ba ta ce komai ba. Na gwada wani, haka. Ashe yawancin kebul ɗin da muke saya a bakin hanya wuta kawai suke ɗauka, ba sa ɗaukar saƙo. Na zazzage durowa, na tara su a kan tabarma kamar mai tallar igiya, ina gwadawa ina jefarwa gefe. Mai ɗakina ta tsaya a bakin ƙofa tana kallona.

“Wannan ita ce kwamfutar ’yancin?”

“Ita ce.”

“Ta mutane idan an kunna kamawa take yi. Taka sai an roƙe ta.”

Ta shiga ɗaki ta fito da wani farin kebul da ya zo da wayarta tun tana sabuwa, wanda take ɓoyewa a cikin akwatin sarƙoƙinta saboda ni.

“Aro ne. Kuma a gabana za a yi.”

Na jona, nan take kwamfutar ta gane wayar. Sai dai sabis a cikin ɗakunanmu ba ya da ƙarfi, don haka muka fita ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida, ita tana riƙe da wayar sama, ni ina tsugune da kwamfutar a kan turmi da aka kifa. Na rubuta umarnin da ke nuna sunan na’urar wayales ɗin, na bincika shi, na tarar wani bawan Allah a wata ƙasa da ban taɓa zuwa ba ya gamu da irin matsalata, wani kuma ya ba shi amsa dalla-dalla. Na bi amsar. Rubutu fari ya riƙa gudu a kan baƙin allo. Na kashe kwamfutar na sake kunnawa, sai ga ’yar alamar nan mai kama da mafici ta fito a kusurwa, sunan wayata a ƙarƙashinta.

Na yi kabbara da ƙarfin da ya sa kajin maƙwabta suka watse. Mai ɗakina ta zare kebul ɗinta ta naɗe, ni kuma na sauko da manhajar ajiyar ta wayales.

Na daɗe ina tunanin mutanen da suka rubuta wannan ’yar manhaja. Ba su san Dutsin-Ma ba, ba su san akwai wata tsohuwa a Kurfi da ke jiran muryar mijinta ba. Sun zauna ne kawai suka warware wata wahala, suka ajiye maganin a fili don duk wanda ya zo bayansu. Ban san addininsu ba, ban san ko suna raye ba. Da na sha ruwa a ranar na sa su cikin addu’a, ina ɗan jin nauyin cewa shekara da shekaru ina cin amfaninsu ban taɓa yin haka ba sai da bukata ta matse ni.

Washegari da hantsi na ɗaura jakar kwamfuta a baya na hau babur zuwa Rawayau. Gonaki duk an share su ana jiran ruwa, an tara kara ana ƙonawa nan da can. Na tarar da Kawu a zaure yana gyaran ƙotar fartanya.

“A’a, Malamin boko! Mi ya koro ka da tsakar azumi? Yaya lahiya dai?”

“Lafiyarta lau, Kawu. Ya ibada?”

Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, aka tambayi kowa da kowa. Sannan na ce na zo ne a kan amanar nan.

“Tana nan yadda ka ba ni. Har ma ta hi yadda ka ba ni.”

Ya miƙe ya shiga turakarsa. Da ya fito yana riƙe da wani abu da hannu biyu, sai na ɗauka layar doki ce. Jar fata ce mai sheƙi, an yi mata ado da kore a gefe, ga tuntu a ƙasa, ga igiyar ratayawa. An ɗinke ta ta kowane ɓangare, ɗinki mai kyau, matsattse, ko allura ba ta da wurin shiga.

“Kawu, ina faifan?”

“Ga shi a hannunka.”

“A ciki?”

“To da a ina? Kai da bakinka ka ce akwai karatun marigayi. Abin da ke ɗauke da ayar Allah a bar shi tsirara, ɓera ya bi ta kai, yara su taɓa ba alwala? Kana tahiya na kai wa baduku. Bisa ƙusa yake rataye, ƙasa da Alƙur’anina kaɗan ma, don kada marigayin ya ce na raina shi.”

Na jujjuya abin a hannuna. Na san yadda dukawa ke aiki, na sha tsayawa kallonsu a kasuwa ina yaro. Sukan jiƙa fata, su huda ta da basilla, idan sun gama ɗinki kuma su ɗora a kan gungume su bubbuga da gudumar itace don bakin ya kwanta. Faifai irin wannan kuwa a cikinsa akwai wani siririn faranti mai juyawa da allura a samansa, ko faɗuwa daga tebur yana iya kashe shi. Na so in yi fushi, amma na rasa wanda zan yi wa. Ni na ce amana ce, ni na ambaci karatu. Ban ce masa abu ne da ba ya son duka ba, domin ban taɓa zaton akwai wanda zai yi niyyar dukansa ba.

Kawu ya hana ni sa reza. Ya ce wanda ya ɗinka shi zai farke, ya leƙa waje ya ƙwala wa badukun kira, don gidansa na kallon nasa. Sai ga wani dattijo siriri, sa’an Kawu, ya shigo da ’yar jakar kayan aikinsa.

“Ga ɗan Yaya ya zo ya ɓata maka aiki,” in ji Kawu.

Badukun ya karɓi abin ya jujjuya shi, yana kallonsa kamar ɗan da ya daɗe bai gani ba. “Wanga ɗinki? Malam, ka san kwana nawa na yi a kai? Ko sirdin hakimi ban yi wa haka ba.”

“Baba, tambaya ɗaya zan yi. Da ka gama, ka buga shi?”

“Buga mi?”

“Da guduma. Don bakin ya kwanta.”

Ya dubi Kawu, Kawu ya dubi rufin zaure.

“Bakina da azumi, ba ni yin ƙarya. Na ɗan taɓa shi.”

“Kaɗan ko da yawa?”

“Gehe-gehe dai. Tsakiyar ban taɓa ba, don na ji kamar da rai a ciki.”

“Ƙarya yake,” Kawu ya ce. “Ina nan zaune, har tsalle abin ya yi.”

“Kai ka ce in matse shi da kyau kada iska ta shiga! Yanzu kuma za ka tsame kanka, tsohon banza?”

Suna wannan musu badukun ya zaro ’yar wuƙarsa ya fara tsinke zaren ɗaya bayan ɗaya, yana tsaki a kan kowanne. Fatar ta buɗe. A ciki akwai farin ƙyalle, a cikin ƙyallen akwai auduga, a cikin audugar ga faifan, har da guntun kebul ɗinsa an naɗe masa a jiki, yana ƙanshin turaren wuta. Ban ga huda ba, ban ga tsaga ba. Amma lafiyar faifai ba a jiki ake ganinta ba.

Na ɗora kwamfutar a kan buhun gero, na yi bisimilla, na jona. Na kara kunnena. Da farko shiru. Sannan na ji ya motsa, gurnanin nan mai laushi ya tashi a hankali ya daidaita. Na jira ƙas-ƙas ɗin, bai zo ba.

“Mi ya ce?” Kawu ya tambaya cikin raɗa.

“Yana numfashi.”

“Ka ji ko,” badukun ya ce. “Aikina bai taɓa kashe kowa ba.”

Batirin ba zai kai ni in warware komai ba, kuma babu wuta a garin a lokacin. Na bar takardun makaranta da hotuna da duk wani abu nawa, na zaɓi jakar muryoyin kaɗai. Wani ɗan layi ya fara cika daga hagu zuwa dama. Mu uku muka zuba masa ido, dattawan biyu ba su san abin da yake nufi ba, amma da ya ɗan tsaya sai Kawu ya fara salati, da ya ci gaba ya ce, “Yauwa, tahi dai.” Da ya cika na buɗe fayil na farko da hannuna ya kai, na ƙara sauti.

Aka ji shuuu na tsohon kaset, da ƙarar wata mota can nesa, da gyaran murya. Sannan Baba ya yi sallama ya ja Fatiha, da ’yar shaƙewar nan tasa ta mai yawan cin goro.

Kawu bai ƙara jin wannan murya ba tun rasuwar Baba, domin duk Sallah shi ma yana gidansa yana karɓar baƙinsa. Ya cire hularsa ya riƙe. Badukun ya ajiye wuƙa. Baba ya gaida Inna ba tare da ya kama sunanta ba, ya gaida mu yara, ya ce a gaya mini in rage yawon wanka a dam. Ya gaida liman. Sai ya ce, “A kuma gaishe mini da ƙanen maiɗakina na Rawayau, sarkin ragwaye. A tambaye shi ko ya gama noman farko, ko yana jira sai an yi kaka ya fara.”

Kawu ya zabura, hawaye na bin gemunsa.

“Kun ji shi ko! Kun ji mutumen nan! Ni da na noma mashi gonar bakin rafi shekarar da ya tahi ya bar ta!” Ya matso kusa da kwamfutar yana nuna ta da hula. “Alhaji, ka ji tsoron Allah! Na rataye ka sama da kaina damina da rani, ashe zagina kake a ciki!”

Badukun ya kwanta a kan tabarma yana dariya har da tari. “Sarkin ragwaye! Wallahi marigayi ya san mutane. Malam, maido wurin, maido!”

Na mayar. Muka sake ji, suka sake yi. Ni ma ina dariya, ina share fuska da hannun riga, ban damu da wanda ya gani ba.

Kafin batirin ya mutu na fita bayan gari inda Kawu ya ce sabis yana sauka, kusa da wata kuka. Na kunna intanet ɗin wayata, alamar maficin ta fito ba gardama, na tura muryoyin ga ƙanwata da ke aure a Katsina, na kuma ajiye wani kwafi a ma’ajiyar intanet. Da na dawo na tarar sun riga sun yanke shawara ba da ni ba: faifan zai koma wurin Kawu idan na gama da shi, badukun zai yi masa sabon gida mai maɓalli, kuma ya yi alkawari a gaban shaida cewa guduma ba za ta kusance shi ba.

Ranar Sallah da na isa Kurfi na ga baburin Kawu jingine a ƙofar gida. Ya bar baƙinsa ya riga ni zuwa. Na same shi zaune gaban Inna ya kai ƙarshen labarin, kuma a yadda ya tsara shi, ni na ƙone komai da wutar boko, shi kuma ya ceci mijinta da jar fata. Na durƙusa na gaishe ta. Inna ba ta kama sunana, da yake ni ne ɗan fari. Ta dube ni.

“Ashe saura kaɗan a rufe masa baki.”

“Saura kaɗan, Inna.”

“To Allah Ya kyauta gaba.” Ta gyara zama a kan tabarmarta, ta ja mayafi, ta juya ga ƙaninta. “Kai kuma ka yi mana shiru, tun safe kake zuba. Kai kuwa mai kwamfuta, buɗe masa ya yi magana.”

Na danna maɓallin.